A Ɗora Mata Tukunyar Jego: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyayenmu Mata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gaishe ku, su Inna da su Gwaggo, su Hajiya na unguwa, malamanmu mata na Islamiyya, ungozomomi, da duk wadda in magana ta ɓaci a cikin gida ita ake tura yaro ya kirawo. A durƙushe nake wannan magana. Na haura arba'in, amma a gabanku har gobe yarinya ce ni, kuma na san ba a koya wa uwa goyo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk sanda na zo in faɗa muku baki da baki sai nauyinku ya danne ni, in gaishe ku in tashi.

Kitso da lalle ne sana'ata. Shekara goma sha bakwai ke nan kawunan matan Kano suna sauka a kan cinyata. Mai kitso tana ganin abin da ɗankwali ya rufe: kumburi a bayan kunne, tabon ɗinki a tsakiyar kai, wurin da aka damƙi gashi aka fizga har ya bar fili. Mai lalle kuma hannu take riƙewa, tana ganin shatin yatsu a wuyan hannu. In na tambaya, amsar kusan ɗaya ce. Ƙofa ce ta buge ni. Santsi ne ya kwashe ni a banɗaki. Ƙofofin garin nan sun yi ɓarna, Allah ya sani. Ba na ja musu, domin ni ma na yi shekara shida ina ɗora wa ƙofa laifi.

Sau uku na yi yaji, sau uku aka zo biko, sau uku kuka sa ni a gaba da nasiha: aure ɗan haƙuri ne, harshe da haƙori ma ana saɓawa, duk macen da kika gani a ɗakinta da abin da take haɗiyewa. Ban riƙe ku a zuciya ba. Abin da aka faɗa muku kuka faɗa mini. A karo na huɗu na dawo da karyayyen hannu da takarda, daga nan ba wanda ya ƙara tayar da maganar komawa. Abin da ya faru bayan nan shi ya kawo ni gabanku yau.

A watan da na dawo, ƙanwata ta haihu, ta zo wankan gida. Kun san yadda ake yi, ku ne masu yi. Tun asuba an hura wuta, an ɗora babbar tukunya, an karyo ganyen darbejiya. Safe da yamma ana yi mata wanka. Ga kunun kanwa da zafinsa, ga gasasshen nama da yaji, ga tuwo da man shanu, ana tsaye a kanta sai ta cinye. Ba ta taɓa tsintsiya, ba ta leƙa madafa. In ta yi shiru, a ce me ke damunki. In ta fashe da kuka ba dalili, Inna ta ce ku ƙyale ta, jego ne. 'Yan barka suna shiga suna fita, wannan da sabulu, waccan da turmin atamfa. Ranar suna aka yi mata kitso, aka zana mata lalle, aka turara ta, ta fito tsakar gida kowa na cewa masha Allah. Da ta yi arba'in ta koma ɗakinta tana sheƙi.

Ni kuwa ina ɗakin baya, kusa da turken awaki. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya hana ni abinci. Ba wanda kuma ya yi mini komai. In baƙi sun shigo, sai a sassauta murya in an zo wucewa ta ƙofata. Da hannuna ɗaya mai lafiya nake tura itace ƙarƙashin tukunyar ƙanwata, ina kallon tururi yana tashi. Ban yi mata hassada ba, ta cancanci fiye da haka. Tunani dai nake: ita ta sha wuya kwana da wuni ta samu ɗa, ni na sha ta shekara shida na samu karaya. Ina tawa tukunyar?

Iyayena, abin da yanzu ake tara mutane a otal ana koyarwa da Turanci, ana cewa mace ta kula da kanta, al'adarmu ta daɗe da saninsa, har ta fi su sani. Ta san cewa jikin mace in ya sha wuya ba ya komawa daidai shi kaɗai. Sai an ɗauke mata aiki, an ciyar da ita, an taɓa ta da hannu mai tausayi, an kewaye ta da mutane, sannan an sa mata ranar da za ta fito a gan ta cikin kyau. Ba a cewa mai jego ta je ta kula da kanta. Kula da ita ake yi har ta iya. Na san likitoci sun daɗe suna jan kunne a kan yawan kanwa da tsananin zafin ruwa da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta waɗannan da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, kuma gaskiyarsu. A rage kanwa, a sirka ruwa. Abin da nake roƙo shi ne hankalin da ya ɗora tukunyar tun farko, a miƙa shi ga wadda miji ya nakasa da wadda aka yi wa fyaɗe.

Ku dubi takaba ma. Matar da mijinta ya rasu tana ajiye kwalli da turare da ado, wata huɗu da kwana goma. Allah ne ya yanka adadin. Ranar da ta fita, ku da kanku kuke tsefe mata kai, a yi mata kitso, a kawo sabon zane, a yi sadaka, a ce Allah ya kawo na gari. Mutuwa da kanta an sa wa zaman makokinta iyaka. Amma yarinyar da aka keta wa haddi, takabarta ba ta da ranar fita. Ba wanda ya ce mata ta ajiye kwalli, ita ta gane daga idanunmu. Shekara ɗaya, shekara biyar, tana yawo da kai a tsefe ƙarƙashin hijabi, mu kuma muna cewa ai ta natsu.

Ƙungiyoyi suna kiran irinmu waɗanda suka tsira. Kalmar ta fi wadda ake kiranmu da ita a da, na yarda. Sai dai tsira daban, rayuwa daban. Na tsira ranar da na fito daga gidan nan da hannu a rataye. Sai da na ƙara wajen shekara biyu kafin in ji ɗanɗanon abinci a bakina.

Bari in faɗi inda ya fi ciwo, wato dariya. Wata takwas da dawowata aka yi bikin 'yar kawuna. Aka fitar da anko, aka raba wa kowa, ni aka tsallake ni. Da na tambaya, aka ce an ga kamar ba zan so shiga mutane ba, kar in ji wani iri. Tausayi ne, na sani, amma tausayin da ya yanke mini hukunci ba tare da an tambaye ni ba. Na ci bashi na sayi atamfar da kaina. Ranar kamu masu kiɗan ƙwarya suka saki hannu, ƙawayena suka ja ni fili, ban san sanda ƙafata ta ɗauka ba. Rabon da in ji jikina nawa ne har na manta. Ina dawowa wurin zamana na ji wata daga cikinku, da muryar da ta so in ji, tana cewa ashe dai ba ta ji jiki ba, ga ta nan tana tiƙar rawa. Na zauna. Ban ƙara tashi ba har aka watse.

Wannan ni ce, bazawara mai takardar saki a hannu. Ku auna yarinyar da aka yi wa fyaɗe. In ta yi kuka, a ce ta yi shiru kar ta tona wa gida asiri. In ta yi shiru ta rame, a ce Allah sarki. In ta wartsake ta sa jan baki ta yi dariya da ƙawaye a bakin famfo, sai a koma baya a sake shari'ar: da ma can idonta a buɗe yake, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ashe sharaɗin da muka gindaya mata kafin mu gaskata ta shi ne kada ta warke. Shi kuwa wanda ya yi ɓarnar yana majalisa yana shan shayi, yana zuwa ɗaurin aure da babbar riga, ba wanda ya ce dariyarsa ta yi yawa. Haka aka yi wa mata da 'yan matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram a Borno: sun tsallake daji da yunwa da auren dole, suka iso sansani aka riƙa nuna su ana cewa annoba, ana janye yara daga kusa da 'ya'yansu.

Malamanmu mata, ku kuka karantar da mu, ku gyara mini in na yi kuskure. A cikin Bukhari akwai labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar da matar gidan a hargitse, ta bar ado. Bai ce masha Allah, ga mai gudun duniya ba. Tambaya ya yi, me ya same ki? Daga nan ya faɗa wa mijin cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka. Da maganar ta je wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Nana A'isha ta shaida cewa bai taɓa dukan mace da hannunsa ba. Ita ce kuma ya tsaya ya kare da mayafinsa tana kallon Habashawa suna wasa a masallaci, har sai da ita ta gaji da kanta. Matar da aka auka wa a hanyarta ta zuwa salla, da ta kai ƙara, bai ɗora mata laifi ba. Duk yarinyar da ta kai izun Ƙad Sami'a ta san an buɗe shi ne da mace mai kai kukan mijinta, Allah kuma ya ce ya ji. To daga ina muka samo cewa haƙuri shi ne mace ta bushe a tsaye? Haƙurin da na koya a wurinku shi ne kada mutum ya yi wa Allah butulci a kan jarrabawa. Ban ga inda ya haramta man shafawa ba.

Kafin wata ta ɗauki maganata ta kai inda ban nufa ba, akwai wanka ɗaya da nake roƙon ku jinkirta, shi ne na farko. Yarinya in ta shigo a wannan hali, ku ne farkon waɗanda take faɗa wa jiki, kuma abin da hannu ke fara yi shi ne ɗora ruwan zafi, a gasa ta, a wanke zanen, a goge komai kafin maƙwabta su ji. Da wannan wanka ake wanke shaida. A bar ta yadda take, a naɗe kayan da ke jikinta a ajiye ba tare da an wanke ba, a nufi asibiti. Maganin da ke kare ta daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, ana sha kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Na hana ɗaukar ciki iyakarsa kwana biyar. Kwanakin nan su ne muke ɓatawa wajen taron dangi da aika wa mai unguwa da jiran kawu ya dawo daga tafiya. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, a Sakkwato akwai cibiyar Nana Khadija, duk don wannan aka buɗe su. Ko an riga an yi wankan, ko kwanakin sun wuce, a je, akwai sauran abin da za a duba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. In an dawo daga asibiti, to ga fili ga mai doki, a ɗora tukunya.

Kuma kada lalle ya zama abin rufe ƙara. Na taɓa ganin gidan da aka karɓi kuɗi daga dangin mai laifi, aka sayo wa yarinya leshi da sarƙa, aka ce a bar wa Allah. Wannan sayar da ita aka yi karo na biyu.

Doka tana da nata aikin, ban raina shi ba. A 2015 aka sa hannu a dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, wadda sai jiha ta karɓe ta take aiki a cikinta. Kaduna ta karɓa a 2018, wasu jihohin suka biyo baya. A watan Yunin 2020, bayan kisan wata ɗaliba a cikin coci a Benin da wata a gidansu a Ibadan, gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. A Satumbar shekarar Kaduna ta sa hukuncin dandaƙa. A ɗaya gefen kuma, tsohon kundin hukunta laifuka da muka gada tun zamanin Jihar Arewa yana da sashe na 55, wanda ya bar wa miji ƙofar ladabtar da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Masu ilimin shari'a su ci gaba da fafatawa a kan wannan, Allah ya taimake su. Amma ko an ɗaure mai laifi shekara ɗari, alƙali ba zai biyo yarinya gida ya ga ko ta ci tuwon dare ba. Wannan shari'ar a tsakar gida ake yin ta, ku ne alƙalanta.

Ba kuma 'yan kaɗan ba ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49, kashi 31 cikin 100 sun taɓa shan duka ko makamancinsa tun daga shekara 15, kashi 9 cikin 100 an taɓa tilasta musu ta hanyar kwanciya, kuma fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimako ba. Ku ƙirga matan da ke zaune a tabarma ɗaya ranar suna. Wasunku da ke karanta wannan, na sani, ku ma ba a taɓa ɗora muku tukunyar ba. Wataƙila shi ya sa in kuka ga yarinya ta tashi rawa wani abu yake tsaya muku a maƙogwaro. Ban faɗi haka don rashin kunya ba, Gwaggo. Na taɓa tsefe kan tsohuwa 'yar shekara saba'in na tarar da tabo, na tambaya, ta yi dariya ta ce wannan ai ya girme ki.

Duk shekara daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba ana kwana goma sha shida na gangamin yaƙi da cin zarafin mata. A sa riga ruwan lemo, a yi tattaki, a yi jawabi. Na je sau da yawa, na kuma ƙaru. Abin da ke damuna shi ne yadda ake kiran mace gaban jama'a ta ba da labarin ranar da ta fi kowace muni a rayuwarta, a yi hawaye, a ɗauki hoto, a ba ta kuɗin mota. Ba wanda ke tambayarta wace waƙa take so, ko wane abinci take marmari. In an tashi taimako kuma, kowa sai a koya mata haɗa sabulun ruwa, har unguwa ta cika da sabulu ba mai saye. Sana'a dole ce, wadda ba ta da na kanta ita ake mayarwa gidan duka don ba mai ciyar da ita. Ni kitso ne ya tsayar da ni da ƙafata. Amma rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi, kuma mutum ba injin neman kuɗi ba ne.

Akwai wani abu a sana'ata da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk gyaran jikin da muka iya, don namiji muke yin sa. Dilka da halawa na amarya ne. Turaren tsuguno da humra, don mai gida. Ko mai jego, in ta kusa arba'in, gyaran da ake mata na komawa ɗaki ne. Shi ya sa in bazawara ta zo lalle ake tambayar wa ya fito, in kuma yarinyar da aka ɓata wa suna ta yi kwalliya ake cewa wa take nema. Ba a saba ganin mace ta yi ado don ta kalli hannunta ta ji daɗi ba. Ga wadda aka yi amfani da jikinta ba da yardarta ba, wannan shi ne maganin gaba ɗaya: ta zaɓi zanen da take so, ta ce a nan za a tsaya, a kuma tsaya. Kada ku gyara ta don a samu mai rufa mata asiri ya kwasa. Na ga an yi haka, an ɗaura wa yarinya aure da sa'an kakanta wata uku bayan abin, wai kafin magana ta bazu. Ba ta shekara ba ta dawo, wannan karon ba ta ko magana.

Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi mai yawa. In ta dawo gida, kada a kai ta ɗakin baya. A ɗauke mata girki da wanki na ɗan lokaci kamar yadda ake ɗauke wa mai jego, a dafa abin da take so, a zauna a ci tare da ita. 'Yan'uwa su zo, ba don jin kanun labari ba, a yi hirar duniya, a yi gulmar farashin tumatir, ta ji ana dariya a kusa da ita ko ba ta taya ba. In ta so magana, a saurara ba tare da me ya kai ki ba, me kika sa ba. In ba ta so, a bar ta. A nemi izininta kafin a taɓa ta, ko da ke kika haife ta, domin akwai wadda hannu a kafaɗa kawai yake mayar da ita cikin wancan ɗakin. A sa ta a adashi. In ɗaliba ce a mayar da ita makaranta, ko da wata makarantar ce. In an fitar da anko a yanka da ita, ita ta ce ba ta zuwa in ba ta so.

In kuka ga barci ya ƙaurace mata, tana firgita, ta daina cin abinci, ko ta fara cewa gara ta mutu, wannan ya wuce tukunya. A yi addu'a, a yi tofi, a kuma kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa, ko Dawanau ne, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato. Na san abin da sunayen nan suke tayarwa a zuciya. Ba hauka ba ne, rauni ne a inda ido ba ya gani, kuma ana jinyarsa. Maganar mutuwa musamman, kada a ce shagwaɓa ce, kada kuma a bar ta ita kaɗai.

Kullum kuna cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na ji shi a ɗakin haihuwa, na ji shi a gidan mutuwa. A ƙofar ɗakin baya ne ban ji shi ba.

Bara wata baiwar Allah ta riƙa zuwa mini kitso duk Juma'a da 'yar ɗan'uwanta, yarinya 'yar shekara goma sha shida. Ba a faɗa mini komai ba, ban kuma tambaya ba. Yadda take zama kusa da ƙofa, bayanta a jikin bango, ya ishe ni. Na ce ko za a yi mata lalle, ta girgiza kai ta cusa hannuwa cikin hijabi. Na ƙyale ta. Juma'a uku tana kallon yadda nake zana wa wasu. A ta huɗu, ina tattara kaya, sai na ga ta miƙo ƙaramin yatsanta na hagu, shi kaɗai, fuskarta na kallon wani wuri. Na zana mata ɗan fure bai fi ƙwayar wake ba. Ta zauna tana hura masa iska har ya bushe. Gwaggon ta buɗe baki za ta yi magana, na yi mata ido, ta haɗiye, Allah ya saka mata. Wata biyu bayan nan ta ba ni tafin hannu. Da ƙaramar salla ta zo da hoton zanen da take so a waya, har tana yi mini gardama wai na karkatar da reshe ɗaya. Na karkatar ɗin kuwa.

Na ji ana bikin yayarta bayan babbar salla, kuma an fitar da anko. Ban sani ba ko an lissafa da ita. Hajiya, in wannan takarda ta iso gare ki, ko wani ya karanta miki, turmi ɗaya ne, kuma ta fi son ɗinkin doguwar riga. Lallenta da kitsonta suna wuyana, ku turo ta ranar Laraba da safe kafin layi ya yi tsawo.

Ku yafe mini in na yi tsaurin ido.

'Yarku,
mai kitso da lalle, daga Kano